Me ya sa wani IC ake zare shi da hannu, wani kuma sai an ce "fanel ne ya tafi"?

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a Bauchi, daga rumfunan masu gyara na wajen Wunti har majalisun bayan isha'i: me ya sa abu ɗaya tak zai ƙone a cikin waya ko talabijin ko laftof, amma mai gyara ya ce sai an canja fanel gaba ɗaya? Masu gyaran ne suka koma cin amana, ko kuwa kamfanoni ne suka shirya kayan yadda ba za su gyaru ba don a koma a sayi sabo?

Ni ma a gabana aka yi wannan tambayar. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi a unguwar kawuna, ta tafi da inbatar gidan da laftof ɗin ɗansa a lokaci guda. Muka kwashe su zuwa wurin wani matashi mai gyara. Ya kwance inbata, ya canja tiransista biyu da suka ƙone, sannan ya ɗauki siririn sukundireba ya zura ƙarƙashin wani baƙin abu mai ƙafa goma sha shida, ya ɗaga nan kaɗan, ya ɗaga can kaɗan, sai ga shi ya fito. Ya danna sabo a gurbinsa da babban yatsa, inbata ta tashi. Da aka zo kan laftof, ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma, sannan ya ce: "Baba, wannan ba a zare ta. Ƙwaƙwalwar a liƙe take da dalma." Kawu ya ce: "Ɗana, ai yanzun nan na ga ka cire ta wancan kamar mai cire ƙaya a ƙafa. Wannan me ya hana?"

Abin da ya bambanta su ɗan ƙaramin abu ne da yawancinmu ba mu taɓa lura da shi ba, ana ce masa soket.

Wane soket ake nufi?

Ba na jikin bango da muke jona caja ba, ko da yake tunanin ɗaya ne. A cikin kowane kayan lantarki akwai koren allon nan mai siraran layukan jan ƙarfe, wanda masu gyara ke kira fanel. A kansa ake dasa ƙananan kayan aiki. Tiransista ɗaya ce daga cikinsu: 'yar aba mai ƙafa uku da ke buɗe wa wuta hanya ko ta rufe, ko ta ƙara wa sigina ƙarfi. IC kuwa tiransistoci ne masu yawa da aka gina a kan ɗan ɓallin silikon guda, aka rufe da baƙar roba, aka bar ƙafafu a waje.

Hanya biyu ce ake haɗa waɗannan ƙafafu da fanel. Ko dai a narka dalma a liƙe su kai tsaye, su zama jiki ɗaya da allon, ko kuma a liƙa wani mazauni mai ramuka a kan fanel ɗin, sannan a danna IC a cikinsa. Wannan mazaunin shi ne soket. A cikin kowane rami akwai ɗan ƙarfe mai tsauri da ke matse ƙafar IC ya riƙe ta. Soket ɗin ne ke shan zafin dalma sau ɗaya, IC kuma ya shiga ya fita ba tare da wuta ta taɓa shi ba.

Asalin abin

Soket ya girmi tiransista. Tsofaffin da suka ga rediyo mai bawul za su tuna kwalaben nan da ke yin ja a ciki, sai an jira sun ɗumama kafin murya ta fito. Bawul kamar ƙwan fitila yake, yana da zare a ciki da ke ƙonewa, don haka tun farko aka san dole wata rana a canja shi, aka yi masa mazaunin da za a zare a sa wani. Kwamfutar ENIAC da aka bayyana a Amurka a 1946 tana ɗauke da bawul sama da 17,000. Da liƙe su aka yi, da aikin gyara kaɗai ya cinye ta.

A 1947 John Bardeen da Walter Brattain, a rukunin William Shockley na ɗakin bincike na Bell, suka samar da tiransista. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya haɗa IC na farko, Robert Noyce na Fairchild ya biyo da nasa na silikon a 1959. A Fairchild ɗin ne kuma aka fito da siffar nan ta ƙafafu jere biyu a 1964, wadda ake kira DIP, mai tazarar milimita 2.54 tsakanin ƙafa da ƙafa. Ita ce wadda aka zare a inbatar kawu, kuma har gobe tana nan a kasuwa ba ta canja ba.

A shekarun farko IC na da tsada, kuma zafin dalma na iya kashe shi, saboda haka sa shi a soket hikima ce. Amma tiransista ba ta da zaren da ke ƙonewa. Idan ba a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ba, tana iya shekara ashirin tana aiki. Da IC ya yi araha kuma ya zama abin dogaro, sai babban dalilin soket ya fara raunana.

Me ya sa dalma ta yi rinjaye?

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko shi ne wuri. Farosesa ita ce IC ɗin da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura. Ta farko da Intel ta fitar a 1971, mai lamba 4004, tiransista 2,300 ne a cikinta, ƙafafunta goma sha shida. Ƙwaƙwalwar M1 da Apple ta fitar a 2020 tana da tiransista biliyan 16. Abu irin wannan yana buƙatar ɗaruruwan hanyoyin shiga da fita, wani lokaci sama da dubu, kuma gefen IC ba zai ɗauke su ba. Sai aka koma jera ƙananan ƙwallayen dalma a ƙarƙashin cikinsa, a ɗora shi a kan fanel, a gasa har ƙwallayen su narke su kama. Wannan tsarin ake kira BGA. Ɗauki IC ɗin ajiyar bayanai na ƙananan wayoyin Android da yawa, wanda ake kira eMMC: bai fi farcen babban yatsa ba, amma ƙwallaye 153 ne a ƙarƙashinsa, rabin milimita ne tsakanin ɗaya da ɗaya. Soket ɗin DIP kuwa, idan aka haɗa da IC ɗin da ke kansa, tsayinsa ya kusa kaurin wayar da ke aljihunka gaba ɗayanta. Wanda ke son waya siririya ya riga ya zaɓi dalma, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai gudu. A cikin waya sigina na kaiwa da komowa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudun, ƙarin 'yan milimitoci na ƙarfe yana gurɓata sigina, kuma yana ƙara cin batir. Shi ya sa a wayoyi da yawa ake ɗora RAM, wato IC ɗin da ke riƙe bayanan da ake aiki da su a lokacin, a kan farosesa kai tsaye, hawa biyu, don hanya ta gajarta.

Akwai kuma kuɗin ƙira. A masana'anta inji ne ke ɗora kayan a kan fanel, dubbai a awa guda, a wuce da su cikin tanda sau ɗaya. Soket ƙarin kaya ne, ƙarin mataki ne, kuma a kan miliyoyin na'urori 'yan kwabban da ake gani ba komai ba suna zama maƙudan kuɗi.

Soket ma yana da nasa ciwon, musamman a nan wurinmu

Wannan ne ɓangaren da masu kewar zamanin da ba su cika faɗa ba. Dalma tana haɗe ƙarfe biyu su zama ɗaya, iska ba ta shiga tsakaninsu. Soket kuwa taɓawa ce kawai, ƙarfe ya jingina da ƙarfe. Duk inda aka bar tsakani, ƙura za ta shiga, danshi zai shiga.

Ka tuna yanayin Bauchi a shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu mai laushi kamar gari tana ratsa kowace kafa, fankar inbata kuma tana zuƙo ta ciki dare da rana. A Maris da Afrilu zafi na kusantar digiri 40 a inuwa, cikin akwatin inbata kuwa ya fi haka nesa. Damina ta zo, ƙurar da ta kwanta ta sha danshi, ƙafafun IC su yi baƙi-baƙi, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Daga nan ne ake samun kayan da ke aiki yau gobe ya ƙi, wanda sai an ɗan buga shi a gefe yake tashi. Mutane su ce aljanu ne ko tsufa, alhali sau da yawa ƙafa ɗaya ce ba ta zauna daidai ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ban mamaki. Ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. Kullum aka kunna aka kashe, IC na ɗan motsawa a mazauninsa, a hankali a hankali har ya ɗago. Kwamfutar Apple III da ta fito a 1980 ta yi ƙaurin suna a kan wannan: ba ta da fanka, tana zafi, kuma IC ɗinta na ɗagowa daga soket. Tsofaffin masu gyaran kwamfuta sun san cewa abin farko da ake yi wa tsohon fanel shi ne a bi kowane IC a danna shi da yatsa har a ji ya ce ƙas.

Sannan akwai inda soket ba shi da hurumi sam. Tiransistocin nan biyu da aka canja a inbatar kawu, ba a zare su da hannu ba, sai da aka narka dalma. Su ne ke ɗaukar wutar batir kai tsaye. Inbata mai ba da wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80. Wuta mai yawa haka, idan ta sami wurin da haɗi bai matse sosai ba, nan take wurin zai ɗau zafi, roba ta narke, wani lokaci har gobara. Shi ya sa ake liƙe su da dalma mai kauri, a ɗaure bayansu da noti a jikin faranti na alminiyon da ke shanye zafi. Mai gyaran da ya ce maka ba zai sa wa waɗannan soket ba, gaskiya ya gaya maka.

Inda soket ya ƙi mutuwa

Kwamfutar tebur ita ce gidansa har yau. A can akwai fili, akwai fanka, kuma farosesa na da tsadar da ba wanda zai yarda a liƙe ta. A da ƙafafun a jikin farosesa suke, soket ɗin na da ramuka da ɗan hannu da ake ɗagawa, a ajiye ta ba tare da dannawa ba, sannan a mayar da hannun ya matse. A 2004 Intel ta juya abin da soket ɗin LGA 775: ƙafafun suka koma cikin soket, farosesa ta zama mai shimfiɗaɗɗen ciki. AMD, abokiyar hamayyar Intel, ta riƙe tsohon tsari a soket ɗinta na AM4 mai ƙafa 1,331 da ya fito a 2016, sannan ita ma ta koma irin na Intel a AM5 a 2022, mai ƙafa 1,718.

Wannan ya nuna cewa ana iya yin soket mai ɗaukar gudun zamani, amma dubi girmansa, dubi ƙarfen da ke danne shi. Kuma duk wanda ya taɓa lanƙwasa ƙafa ɗaya a cikin dubu da ɗari bakwai ɗin nan ya san irin gumin da ake yi kafin a miƙar da ita da bakin allura.

A laftof kuwa an rufe wannan ƙofar tuni. Har zuwa zubi na huɗu na farosesoshin Intel Core, wanda ya fito a 2013, akwai laftof masu soket. Galibi waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin M, kamar i5-4300M, ana zare su, masu ƙarewa da U kuma a liƙe suke. Daga zubi na biyar zuwa sama kusan duka a liƙe suke. Wannan na da amfani ga mai sayen laftof na hannu, tunda yawancin waɗanda ke shigo mana daga Legas da Kano tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne.

To, kamfanoni ba su da laifi ke nan?

Suna da shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu masu saye muna son kaya siriri, mara nauyi, mai araha, su kuma sun ga riba a cikin ba mu abin da muke so ta hanyar da za ta dawo da mu kasuwa da wuri.

A ganina liƙe farosesar waya dole ce ta aikin injiniya, ba wanda zai yi jayayya da ita. Amma liƙe ma'ajiyar bayanai a laftof mai faɗin inci goma sha biyar, inda fili yake birjik, wannan zaɓi ne, kuma mai saye ne ke biyan kuɗinsa. Idan fanel ya mutu, takardun ɗalibi da hotunan iyali sun tafi tare da shi, sai dai a sami gwanin da zai ciro su. Haka ma ɗabi'ar wasu kamfanoni ta ɗaure kowane sashe da lambar na'urar, yadda ko ka sa sukirin ko batir mai kyau daga wata wayar irinta, sai ta riƙa ƙorafi ko ta rage wani aiki. Wannan ba zafi ba ne, ba ƙura ba ce, manhaja ce aka rubuta da gangan.

An daɗe ana cewa RAM mai saurin gudu da ƙarancin cin batir ba ta yiwuwa sai a liƙe. A ƙarshen 2023 ƙungiyar JEDEC mai tsara ƙa'idojin wannan fanni ta fitar da tsarin CAMM2, inda ake ɗaure RAM ɗin da noti a kan fanel, a kwance ta idan an so, kuma laftof masu irinsa sun fara fitowa a 2024. Ashe da hanya, niyya ce ta yi jinkiri.

Hukumomi ma sun fara sa baki. Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki tun Janairun 2021. Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024, ta kuma tilasta wa wayoyi amfani da ramin caja na USB-C daga 28 ga Disamban 2024. Waɗannan dokoki ba su ce a mayar da IC cikin soket ba, sun fi karkata ga batir da sukirin da samar da kayan gyara. Amma suna shafar mu, domin kamfani ba ya cika ƙera waya daban don Turai, daban don Najeriya, kuma abin da Bature ya saya yau shi ne zai iso Wunti a matsayin na hannu nan da shekara huɗu ko biyar.

Shi kuma mai gyara fa?

Idan ya ce fanel ya tafi, abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai da gaske gyaran ya fi kuɗin fanel na hannu, ko ba shi da kayan aikin, ko kuma bai iya ba yana jin nauyin faɗa. Cire IC mai ƙwallaye yana yiwuwa, ana yin sa a Bauchi kullum, amma aiki ne na haƙuri. Ana hura masa iska mai zafi har dalmar ƙasa ta narke, a ɗaga shi da hantsaki, a share wurin, a ɗora masa wani siririn faranti mai huji-huji a shafa sabuwar dalma, a sake gasawa har ƙwallaye su fito jere. Tsohuwar dalma mai gubar darma tana narkewa a digiri 183. Tun da Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan lantarki a 2006, masana'antu suka koma wadda sai ta kai wajen digiri 217. Wannan ƙarin zafin shi ke sa hannun da bai ƙware ba ya gasa IC na maƙwabta ko ya sa fanel ya kumbura. Don haka idan ƙwararre ya faɗi kuɗi mai ɗan nauyi a kan irin wannan aiki, ba lallai ne tsawwalawa yake ba.

Abin sha'awa shi ne, a teburin irin wannan gwanin za ka sake cin karo da soket. Akwai wani ɗan akwati mai murfi da siraran allurai a ciki, ana kwantar da IC ɗin ajiya da aka ciro daga matacciyar waya, a rufe, a jona da kwamfuta a karanta abin da ke ciki ko a sake rubuta masa manhaja. A sababbin wayoyi bayanan a kulle suke da mabuɗin da ke ɗaure da farosesar wayar, don haka ciro IC ɗin kaɗai ba ya dawo da hotuna, kuma ya kamata mai gyara ya faɗa wa mai kaya haka tun kafin ya kunna wuta.

Inda muke da ta cewa

Ba mu ke ƙera waya ba, amma akwai matasa a garin nan, ciki har da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da ke haɗa inbata, cajar batir, da na'urar kunna fitilar sola da hannunsu. Yawancin IC ɗin da suke amfani da su na DIP ne: 555 mai ƙafa takwas, LM324 mai goma sha huɗu, SG3525 mai goma sha shida, ATmega328P mai ashirin da takwas wanda ke zaune cikin soket a allon Arduino Uno, ɗan fanel ɗin da ake koyon haɗa na'urori da shi. A nan ina ganin barin soket kuskure ne. Wutarmu na hawa da sauka, IC na jabu sun cika kasuwa, kuma inbatar da aka sayar wa mutumin Darazo ko Ningi, idan ta lalace, mai gyaran da ke kusa da shi ba lallai yana da injin iska mai zafi ba. Da soket, sukundireba ya ishe shi. Idan babu soket, zai yi ta dafa ƙafa goma sha shida ɗaya bayan ɗaya har layukan fanel su ɗaye.

Sai dai araha ba ta ado. Soket iri biyu ne a kasuwa: akwai mai lanƙwasasshen ƙarfe fale-fale a cikin rami, shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma yana saki bayan an zare an mayar 'yan lokuta. Akwai mai zagayayyun ramuka da aka feƙe da inji, wanda ke kama ƙafa ta kowane gefe. Ga kayan da zai zauna cikin zafi da ƙura, ko wanda za a ɗora a mota yana jijjiga, na biyun ya kamata a sa. A kuma lura da ɗan tsagin da ke gefe ɗaya na soket da na IC: dole su fuskanci wuri guda. Wanda ya juya shi ya ba da wuta, sau da yawa IC ɗin ba ya ƙara tashi.

Mai sayen laftof na hannu kuwa, kafin ya biya, ya sa a buɗe masa murfin ƙasa a gabansa. Ya duba ko RAM na cikin gurbin da ake zarewa, ko akwai gurbi na biyu da ba kowa, ko ma'ajiyar bayanai noti ɗaya ne ke riƙe da ita. Ɗan kawu da ya tashi sayen wata, abin da ya fara tambaya ke nan, ya zaɓi wadda ta ɗan fi kauri da nauyi amma mai gurbin RAM biyu, ya sa mata gigabait takwas, ya bar ɗaya gurbin har sai ya sami kuɗi.